Bahon Wanka a Ɗakin Kwana da Abin da Yake Yi wa Farashin Gida

Girka bahon wanka a tsakiyar ɗakin kwana, babu bango babu ƙofa tsakaninsa da gado, yayi ne da ya samu gindin zama a Ingila tun ƙarshen shekarun 1990, hotunansa kuma suka karaɗe duniya ta mujallun adon gida, daga baya ta Instagram da Pinterest. Baho ne babba wanda mutum ke kishingiɗa a ciki ruwa ya kai masa ƙirji, mai tsayuwa da kansa ba tare da ya jingina da bango ba, wani a kan ƙafafu huɗu, wani a kan gindi ɗaya. Akan ajiye shi a bakin taga ko wajen ƙafar gado, famfonsa ya ɓullo daga daɓe. Wannan daban yake da abin da aka saba gani a sababbin gidajen Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai, inda ɗaki ke da banɗakinsa a ciki amma an kewaye shi da bango an sa masa ƙofa. Duka biyun suna jawo ruwa zuwa inda ake barci, duka suna buƙatar bututun shiga da na fita, amma ranar da aka sa gida a kasuwa ba kallo ɗaya masu saye ke yi musu ba.

Wanka a ɗakin barci tsohon abu ne a Turai, sai dai a da larura ce ta kawo shi. A ƙarni na 19, a gidajen masu hali na Ingila, akan ajiye ɗan baho na kwano a gaban murhun ɗumama ɗaki, barori su yi ta hawa bene da ruwan zafi, in an gama su kwashe ruwan su sauko da shi. Talaka kuwa a kicin yake nasa. Da ruwan famfo ya shiga gidaje wajen ƙarshen ƙarnin, sai aka ware wa wanka ɗaki na kansa, a gidaje da yawa ma ƙaramin ɗakin kwana aka mayar. Otal ɗin Savoy na Landan, da aka buɗe a 1889, yawan banɗakunan da ya haɗa wa ɗakunan baƙi na cikin abin da ya fito da sunansa. Abin bai game kowa da wuri ba. A ƙidayar 1951, fiye da kashi ɗaya cikin uku na iyalan Ingila da Wales ba su da kafaffen baho a gida. Ga mutanen wancan zamani, banɗaki mai ƙofa shi ne alamar an fita daga ƙunci, kuma har yau wannan tunanin ne ke zaune a zukatan yawancin masu sayen gida a can.

Masu zanen gini sun daɗe suna gwada kawar da wannan bango. A Villa Savoye, gidan da Le Corbusier ya zana a Poissy kusa da Paris, wanda aka kammala a 1931, labule ne kawai ya raba wurin wanka da ɗakin masu gida. Amma abin da ya sauko da salon daga littattafan zane zuwa gidajen mutane otal ne. A 1998 Nick Jones, wanda ya kafa kulob ɗin Soho House, ya buɗe Babington House a yankin Somerset, Ilse Crawford ta tsara cikinsa, ta sa manyan bahuna a ɗakunan kwana. Ƙananan otal-otal masu tsada suka bi sahu, baƙi suka riƙa komawa gida da sha'awar abin.

Abin da mai sha'awar ba ya cika lura da shi shi ne zaman otal daban ne da zaman gida. Baƙo kwana biyu zai yi ya tafi. Akwai ma'aikata masu goge ƙasa da sauya tawul kullum. Masai da shawa suna can bayan ƙofa, bahon ƙarin jin daɗi ne kawai. Sannan otal kwana yake sayarwa, hoto mai ɗaukar ido shi ke cika masa ɗakuna. Gida kuwa a cikinsa ake wayar gari ɗaya na son wanka ɗaya na son barci, a cikinsa yara ke rarrafe, kuma wata rana ko a sayar da shi ko a raba shi gado.

Abin da aikin yake ci

Matsala ta farko nauyi ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Madaidaicin baho tsawonsa santimita 170, faɗinsa 70, wanka ɗaya a cikinsa yana cin lita 80 ko fiye, manya masu zurfi irin waɗanda ake sha'awar sa wa a ɗaki kuwa sukan ci ninkin haka. Na roba mai ƙarfi ba shi da wani nauyi, mutum biyu sun isa su ɗauke shi. Na zubin ƙarfe shi kaɗai yakan haura kilo 100. A haɗa ƙarfen da ruwan da mutumin da ke ciki, an wuce kilo 300, duka a kan ƙananan ƙafafu huɗu. Benen gidajen Ingila galibi katako ne aka shimfiɗa a kan wasu katakai da aka gicciya, kuma ƙa'idar ginin can tana lissafa daɓen gidan zama da ɗaukar kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, a baje. Shi ya sa mai aiki na ƙwarai ba ya girka bahon ƙarfe a bene sai injiniya ya duba, sau da yawa kuma sai an ƙara katakai a ƙasa. Dekin na kankare, irin wanda ake zubawa a benayen Najeriya da Nijar, ya fi juriya idan an zuba shi yadda ya kamata. Tasa matsalar a wajen bututu take.

Ruwan da ya shiga sai ya fita, kuma fitarsa ta fi shigarsa wuya. Ruwan shiga yana zuwa da ƙarfin tankin sama ko na famfo, ana iya lanƙwasa masa siririn bututu ya bi duk inda aka so. Ruwan fita gangara kawai ya sani. A ƙa'idar Ingila bututun baho milimita 40 ne, kada tsawonsa ya wuce mita 3 kafin ya haɗu da babban bututu, kuma a kowace mita ya sauka aƙalla milimita 18. Bahon da ke tsakiyar ɗaki ya yi nisa da bangon waje, saboda haka ɗayan uku ne. Ko a fafe katakan daɓe don bututu ya wuce, alhali ƙa'ida ba ta yarda fafewar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na kaurin katako ba. Ko a gina dandamali a ɗora bahon a kai bututu ya bi ta ƙarƙashi. Ko a sa ɗan injin tura ruwa mai aiki da lantarki, wanda ke da ƙara, kuma idan aka ɗauke wuta ya tsaya. A ginin kankare sai a ga an ɗauko guduma da cizal an huda dekin, wani lokaci har a yanke rodi don bututu ya samu hanya. Wannan ɓarna ce da ba a ganinta ranar da aka yi ta. Sai an kwana biyu take bayyana: silin ɗin falon ƙasa ya yi tabo ruwan ƙasa-ƙasa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, rodi ya yi tsatsa ya tsaga kankaren da ya rufe shi.

A ƙarƙashin kowane baho akwai gwiwar bututu mai riƙe ɗan ruwa. Wannan ɗan ruwan shi ke tare warin sokawe da kyankyasai kada su biyo bututu su hau. Bahon da ba a wanka a cikinsa kullum ruwan gwiwarsa yakan ƙafe, a ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu kuwa cikin hunturu ko bazara ba ya ɗaukar lokaci. A banɗaki mai ƙofa warin a can yake tsayawa. A ɗakin da babu ƙofa, a kan gado ake shaƙarsa.

Sai lantarki, wanda shi ne ya fi kowanne haɗari. Ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, ba ruwanta da sunan ɗaki. Duk ɗakin da ke da baho ko shawa, dokar banɗaki ce ta hau kansa. Ta raba kewayen baho gida-gida: cikin bahon kansa, sararin da ke samansa har tsayin mita 2.25, da santimita 60 daga gefensa, kowane da irin kayan wutar da aka yarda a sa. Soket na yau da kullum a da sai ya yi nisan mita 3 daga baho, gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 2022 ya rage shi zuwa mita 2.5. Kuma dole kowane layin wuta na ɗakin ya bi ta na'urar RCD, mai katse wuta da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, irin wanda aka fi ginawa a ƙasar Hausa, idan aka jera baho a jikin bango ɗaya, kusan bangon da ke fuskantarsa ne kaɗai zai iya ɗaukar soket. Cajar waya ta gefen gado, fanka mai tsayuwa, na'urar busar da gashi, dutsen guga, duk sai an sake musu wuri. Najeriya irin soket ɗin Birtaniya mai baki uku take amfani da shi, wutarta ma volt 230 ce, amma gidaje da yawa ba su da wannan na'ura mai katse wuta, wasu ko wayar da ke sauke wuta ƙasa ba a haɗa musu ba. Jiƙaƙƙen jiki, ƙafa ba takalmi a kan tayil, da waya a jone a hannu, wannan haɗuwa tana kisa, kuma duk mai tunanin kawo ruwa kusa da gado daga nan ya kamata ya fara lissafi.

Tururi ma yana da nasa aikin. A banɗaki ana sa tayil har sama, a bar taga, a ƙa'idar Ingila kuma a sa fankar zuƙar iska mai fitar da aƙalla lita 15 a daƙiƙa. Ɗakin kwana cike yake da abubuwan da ke shan laima: katifa, labule, kafet, littattafai, da durowar kaya inda shadda da leshi da atamfa ke ninke. A ɗakin da ake rufe tagogi saboda na'urar sanyaya ɗaki, tururin ba shi da mafita, sai ya kwanta a bango mafi sanyi da bayan durowa, fumfuna ta fito baƙa-baƙa, kaya su yi warin rima. Cikin damina abin ya fi muni. Gara kuma ba ta son komai kamar katako mai danshi.

Ruwan zafi shi ma lissafi ne. Ɗaga zafin lita 100 da digiri 20 yana cin sama da yunit 2 na wuta. Ƙaramar hita mai lita 15, wadda aka fi sa wa a banɗakunan nan, ko an surka ruwanta da na sanyi ba zai cika baho ba.

Yadda kasuwa ke kallonsa

Mai kimanta gida, a Ingila ko a Najeriya, ba ya tambayar nawa aka kashe. Yana duba gidaje makamantan wannan da aka sayar kwanan nan a unguwar, ya kwatanta girma, yawan ɗakuna, yawan banɗakuna, lafiyar gini da takardu. Kuɗin da mai gida ya zuba a bahon ƙarfe da famfo mai ruwan zinariya ba ya shiga wannan ma'auni sai in masu saye sun nuna za su biya dominsa. Nan ne kuma abin yake cizo, domin baho a ɗakin kwana yana raba masu saye gida biyu. Kaɗan suna ganinsa su ji ya burge su. Mafi yawa suna ganinsa su fara lissafin kuɗin cire shi, toshe bututu, gyara daɓe da sake fenti, su zabtare wannan daga tayinsu, su ƙara da ladan wahala. Kamar riga ce da tela ya ɗinka daidai jikin mutum ɗaya: komai kyan yadin, sayar da ita sai an samu mai irin jikinsa. Raguwar masu sha'awa tana sa gida ya daɗe a kasuwa, gidan da ya daɗe a kasuwa kuwa mai shi ne ke sassautawa.

Amma ba duk bahon ɗaki ne ke jawo asara iri ɗaya ba. Idan ɗakin babba ne sosai, gidan kuma yana da cikakkun banɗakuna masu ƙofa, bahon ƙari ne kawai, to galibi ba ya ƙara farashi, ba ya kuma rage shi da wani abin a zo a gani. A manyan tsofaffin gidajen karkarar Ingila masu faffaɗan ɗakuna da dogon rufi, inda masu sayen ma irin baƙin waɗancan otal-otal ne, yana iya sa gida ya fita daban a hoto. Haka gidan da ake bayarwa hayar kwana-kwana ga masu yawon buɗe ido, domin shi ma kwana yake sayarwa.

Idan kuwa bahon ya matse ɗaki, lissafi ya canza. Ma'aunin faɗin gidaje da gwamnatin Ingila ta fitar a 2015 ya sa ɗakin mutum biyu kada ya gaza murabba'in mita 11.5, na mutum ɗaya 7.5. Baho shi kaɗai ya cinye fiye da murabba'in mita ɗaya, idan aka haɗa da wurin shiga da fita da filin goge bayansa ya kai uku. Ɗakin da a da yake ɗaukar babban gado da durowa biyu sai ya koma wanda ake ratsawa a karkace. Mai saye yana ganin haka da ido tun daga bakin ƙofa.

Mafi munin yanayi shi ne a rushe banɗaki na gaske don a faɗaɗa ɗaki, a bar baho da masai a fili ko bayan gilashi, ko kuma a cinye ɗakin kwana guda a mayar da shi wurin wanka. A kasuwar Ingila da yawan ɗakunan kwana ake neman gida a intanet. Gidan da ya sauka daga ɗaki huɗu zuwa uku ya fita daga idon duk wanda ke neman huɗu, ya faɗa ajin masu arha. Masai a fili kuwa ko a can kusan babu mai sonsa. Masu ƙananan yara suna da tasu damuwar: suna son baho, amma a banɗakin da kowa ke shiga, mai ƙofar da za a rufe, domin yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Sannan akwai takardu. A Ingila, tun 2005 aikin wuta a kusa da baho sai an sanar da hukuma ko a ba ma'aikaci mai rajista ya ba da shaida, kuma lauyan mai saye yana tambayar wannan shaida. Rashinta kan jinkirta ciniki ko ya zama hujjar neman ragi.

A kasuwar gidajen ƙasar Hausa

A tsarin gidan Bahaushe na gargajiya, makewayi a can ƙuryar gida yake, nesa da ɗakunan kwana da madafa, ana zuwa da buta ko bokiti. Shigowar banɗaki cikin ɗaki ta biyo ginin bulo da siminti, ruwan famfo, da gidajen ma'aikata na unguwannin Turawa. Yau a manyan birane ya zama abin da ake tambaya tun kafin a je ganin gida. Dillali yakan fara da cewa kowane ɗaki da banɗakinsa, domin ya san abin da ke tsayar da mai saye ke nan. Dalilan a bayyane suke. Wankan tsarki da asuba ba tare da an ratsa tsakar gida ba sutura ce. A gidan mace fiye da ɗaya, kowace da nata banɗakin yana rage rigima, kuma yana cikin adalcin da ake so maigida ya yi. Tsoho ko marar lafiya yana hutawa da fitar dare. Mai ginin haya ma ya san ɗaki mai banɗaki a ciki ya fi na haɗaka kuɗi da saurin samun mai kamawa. Saboda haka a nan banɗaki mai ƙofa a cikin ɗaki yana ƙara wa gida daraja, rashinsa a sabon gini ma aibi ne.

Bahon da ke fili a gaban gado kuwa ya ci karo da kusan duk abin da ya sa ake son wancan. Ɗakin matar aure ba nata ba ne ita kaɗai. Yara na shiga da fita, 'yan'uwa da ƙawaye a nan ake zama da su, ranar suna ko biki a cike yake. A nan take shimfiɗa darduma ta yi salla, a nan Alƙur'ani yake ajiye. Wurin da ake tsiraita ana so ya zama keɓaɓɓe, ruwan wanka kuma kada ya fantsamo inda ake sujada. Idan har da masai a filin, magana ta ƙare, domin wuri ne da ba a karatu ko ambaton Allah a cikinsa, ba kuwa za a mayar da ɗakin kwana duka haka ba. Hatta yadda ake wankan ya bambanta. Mutanen nan sun saba da kwara ruwa da cuɗa jiki ruwan ya wuce, ba zama cikin ruwan da aka wanke dauɗa a ciki ba, kuma a mazhabar Malikiyya cuɗawa na cikin farillan wankan tsarki.

Ga kuma batun ruwan kansa. Bokiti ɗaya na lita 15 zuwa 20 ya ishi mutum wanka. Baho ɗaya ya fi jarka uku ta mai garuwa. A unguwar da famfo ke yin kwanaki bai zo ba, inda ake tayar da janareta don a hau da ruwan rijiyar burtsatse tanki, cika baho kullum ba abu ne mai ɗorewa ba. Shi ya sa a tsofaffin gidajen gwamnati da yawa za a tarar da bahon da aka gada ya koma wurin da ake tsayawa da bokiti a yi wanka, ko wurin jiƙa wanki, ko ma'ajiyar ruwa. Wanda ya sayi irin wannan gida sau da yawa abin da yake fara yi shi ne ya fasa bahon ya sa shawa. Baho mai injin feso ruwa da ake sa wa a manyan gidaje ya fi saurin zama kaya, domin yana buƙatar wuta tsayayya da mai gyara, idan ya lalace kuma ruwa ya kwanta a bututunsa ya yi yauƙi.

Ko banɗaki mai ƙofar ma ba kowanne ne ke ƙara farashi ba, musamman wanda aka tsiro da shi daga baya a ɗakin da ba a zana shi da banɗaki ba. Mai saye da ya san gini yana shiga hanci yake fara sa wa. Daga nan ya duba ko daɓen banɗakin ya fi na ɗaki ƙasa, ya zuba bokitin ruwa ya ga ko ya gangara rariya ko ya nufo ƙofa. Ya zagaya bayan bangon ya shafa, in filasta ta yi gishiri tana zuba, ko fenti ya tashi daga ƙasa zuwa gwiwa, ya san akwai bututun da ke yoyo a ciki, ko an manna tayil ba a sa abin hana ruwa ratsawa ba. Ya ɗaga kai ya nemi taga, da bututun shan iska da ya kamata ya fito daga layin masai ya wuce rufi. Banɗakin da aka yanka a kusurwar ɗaki ba taga, ƙofarsa na kallon gado, yana rage daraja ne maimakon ya ƙara, kuma dillali ba ya iya ɓoye warinsa da turaren wuta fiye da ziyara ɗaya.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kowane sabon banɗaki ƙarin kaya ne ga sokawe. Wanda aka haƙa don iyali ɗaya, idan aka jona masa ɗakuna shida na haya, zai riƙa cika yana dawowa, mai saye kuma yana tambayar sau nawa ake kiran motar kwasa. Shawarar masana lafiya ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiya. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 duka tsawonsa mita 30 ne, saboda haka a cikin gari wannan tazara da wuya ta samu, kuma ƙara ruwan da ake turawa rami yana ƙara haɗarin gurɓata rijiyar gida da ta maƙwabci. Gyaran da ya taɓa ginshiƙi ko dekin kuma yana neman izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, sashen kula da gine-gine a Abuja. Ɗan haya kuwa ba shi da hurumin fasa ko bulo ɗaya sai da yardar mai gida, kuma ya fi kyau yardar ta zama a rubuce.

Wanda duk da haka ransa ya kwanta da baho a ɗakinsa, kuma zama zai yi a gidan shekaru masu yawa, yana da haƙƙin jin daɗin abinsa, sai dai ya yi aikin yadda za a iya warware shi. Ya zaɓi baho marar nauyi, ya matsar da shi jikin bangon da banɗaki ke bayansa ko bangon waje, don bututu ya zama gajere kuma kada a huda dekin. Ya bar banɗakin asali yadda yake, da masai da shawa a bayan ƙofa. A shimfiɗa abin hana ruwa a ƙarƙashin tayil, a sa wa bututun shiga makulli a inda hannu ke kaiwa, a gyara wuta da na'ura mai katsewa kafin a buɗe famfo ko sau ɗaya. Kafin a rufe bango da daɓe a ɗauki hoton inda kowane bututu ya bi, a adana rasit da takardar shaidar aiki, a ajiye kwali ɗaya ko biyu na irin tayil ɗin ɗakin, domin bayan 'yan shekaru ba lallai a samu irinsa a kasuwa ba. Idan lokacin sayarwa ya zo, kafin a ɗauki hoton talla a tambayi dillalai biyu ko uku da suka san unguwar. In suka ce bahon zai kori masu saye, mai gyaran famfo da mai tayil za su cire shi, su toshe bututu a ƙarƙashin daɓe, su mayar da tayil cikin 'yan kwanaki, a kan kuɗin da galibi bai kai abin da mai saye zai nemi a rage masa ba.